Yadda za ku kiyaye Baba da Mama a titunan Jos, ko suna tuƙi ko suna tafiya a ƙafa

Tun ranar da na ba da labarin yadda mahaifina ya daki katangar maƙwabcinmu da bayan mota mutane suka hana ni sakat, wannan ya tare ni a ƙofar masallaci wancan ya kira waya, kowa da irin tasa matsalar, wani babansa ne ya ƙi ajiye makulli, wata kuma mamanta ce kullum sai ta tsallaka Bauchi Road da sanda zuwa gidan ƙanwarta. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in zube ta a nan gaba ɗaya. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Jos da Abuja kafin in dawo koyar da tuƙi, amma gaskiya rabin abun da zan faɗa a jikin Baba na koye shi.

Ku fara riƙe wannan: tsoho bai manta tuƙi ba, yawanci ma ya fi mu iyawa. Abun da ya ragu shine saurin da ido zai gani, kai ya yanke shawara, ƙafa ta isa birki. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya, kaga in ya makara da sakan ɗaya tak an riga an wuce tsawon mota uku. Duk matakan da ke ƙasa nema masa sakan biyu ukun nan ne.

1. Ku shiga ya tuƙa ku, bakinku a rufe

Kar ku fara da wa'azi. Ka ce "Baba don Allah in za ku fita ku sauke ni a Katako", ka zauna gidan gaba ka yi shiru ka zuba ido. Abun da za ka lura da shi: yana tsayawa cikin layinsa ko yana cin na wasu, yana ganin keke kafin ta iso ko sai ta zo gab yake zabura, yana duba madubi kafin ya canza hannu, in ya zo shataletale yana jiran na ciki ya wuce ko kutsawa kawai yake, sannan hon nawa aka yi masa a hanya. Ka yi haka sau uku a lokuta daban, da safe, da yamma, da bayan magariba, domin wani tsohon da rana lafiya lau yake amma dare na yi ya zama wani mutum.

In kun dawo ka zagaya motar ka duba kusurwa huɗun nan da madubin gefe. Sabon ƙarce a bamba da Baba ya ce "ai wani ɗan keke ne" kuma an samu irinsa uku cikin wata biyu, toh ba ɗan keke ba ne.

Gargaɗi: kar ka dinga "Baba birki! Baba ga mota!" kana cikin motar, za ka rikita shi ne kawai, tuƙin ya lalace fiye da yadda ya saba, kuma daga ranar ba zai sake ɗaukar ka ba.

2. Ido, kunne, wuya

Wannan shine matakin da mutane suke tsallakewa su tafi wajen bakanike, alhali direban ne ya fi bukatar sabis. Ku kai shi sashen ido, JUTH a Lamingo ko Jankwano ko asibitin ƙwararru na jiha, ku faɗa wa likita ƙarara cewa mutumin nan yana tuƙi. A duba ganin nesa, a auna ƙarfin ruwan ido saboda gilakoma wadda wasu ke kira hawan jinin ido, a duba yanar ido. Gilakoma muguwa ce, ba ciwo ba ƙaiƙayi, daga gefe take fara cin gani, mutum yana karanta jarida tsaf amma ɗan goyin, wato ɗan acaɓa, da ya fito ta gefensa bai gan shi ba sam. Yanar ido kuma ita ce ke sa fitilar mai zuwa ta watse masa a fuska da dare kamar an haska masa walda. Aikin yanar ido ba wani dogon abu ba ne, Baba da aka yi masa cewa ya yi ashe fentin gidanmu ya koɗe haka. Mai ciwon suga ya dinga zuwa duba ido duk shekara ko da yana jin garau.

Gargaɗi biyu a nan. Ranar gwajin kar ya tuƙa kansa, akwai maganin da ake ɗigawa don buɗe ƙwayar ido, sai ya yi awanni yana ganin dishi-dishi kuma hasken rana na damunsa. Na biyu, tabaran karatu da ake saya a tire a Terminus na karatu ne kawai, in ya sa shi a sitiyari nesa ce za ta dushe.

Kunne: sau da yawa datti ne ya toshe, a asibiti za a wanke, kar a sa tsinken ashana. Wuya kuma gwajinsa a gida ne, ya zauna a kujera ka tsaya bayansa ta gefe ka ɗaga yatsu ya waiwayo ya faɗi nawa ne. In sai ya juya duk jikinsa, ku sayo ɗan ƙaramin madubin nan mai zagaye da ake mannawa a kan madubin gefe, kuɗinsa bai kai na litar mai biyu ba, kuma ya rage yin ribas mai nisa.

3. Ku zazzage ledar magani

Kowane tsoho yana da leda. Ku kwashe duka harda na gargajiya da wanda maƙwabci ya ba shi, ku kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ku tambaya wanne ne ke sa barci ko jiri. Waɗanda aka fi samu su ne Piriton da yawancin magungunan mura da tari, Valium, amitriptyline da ake bayarwa don ciwon jijiya ko rashin barci, da tramadol. Lokacin sanyin Jos kowa mura yake, sai ka ga dattijo ya sha maganin mura da asuba ya hau mota ƙarfe bakwai. Maganin hawan jini kuma yakan kawo jiri musamman satin da aka fara shi ko aka canza, satin nan a haƙura da tuƙi.

Masu suga ku dakata a nan. Wanda ke shan Daonil ko yake allurar insulin, in ya sha bai ci abinci ba suga na iya faɗuwa yana kan hanya, alamarsa zufa, rawar hannu, yunwa mai tsanani, ruɗewa, wani ma faɗa zai kama yi ba dalili. Dabino, alawa ko lemon kwalba mai suga su zauna a motar kullum, a inda hannu zai kai, ba a but ba. Da ya ji alama ya gangara gefe ya kashe mota ya ci, ya jira ya dawo daidai. Masu azumin Litinin da Alhamis su yi magana da likita kan yadda za su sha maganin, kuma tuƙin la'asar a ranar azumi a bar wa yara.

Gargaɗi: kar wanda ya tsayar da maganin hawan jini ko na suga da kansa don wai yana so ya yi tuƙi. Likita ne zai canza lokaci ko ya canza maganin.

4. Yanzu sai mota

Fara da zama. Tsakanin ƙirji da sitiyari a samu kamar santimita 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, ƙafa ta iya danne birki har ƙasa ba tare da ya miƙe ba, ido ya zama sama da sitiyari sosai. In ya ranƙwafa da shekaru a ɗaga kujera ko a sa matashi mai tauri. Bel ya bi ta kan kafaɗa, na ƙasa ya zauna ƙasan ciki a kan ƙugu. Wannan dabarar ta ɗaura bel ta bayan kujera don ƙarar ta yi shiru, ko rataya shi in an hango 'yan rod sefti, ƙashin ɗan shekara 70 ba zai ɗauki dukan sitiyari ba wallahi. Babbar riga a cire a ajiye a kujerar baya in an isa a saka, hannunta yana kama giya yana kama sitiyari. Silifas da takalmin da ba shi da maɗauri a baya suna zamewa su shige ƙarƙashin birki. Carbi a aljihu, waya a aljihu.

Taya: a jikin kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, in ka ga 2319 sati na 23 kenan a 2019. Hukumar FRSC, wato rod sefti, shekara 4 take lissafa wa taya daga ranar da aka ƙera ta. Motar tsoho ita ta fi yaudara, tunda ba ya yawo zanen tayar yana nan kamar sabo amma robar ta bushe ta tsattsage a gefe. Iska kuma akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ta faɗi adadi, ita za a nuna wa mai faci, kar a bar shi ya buga ya ɗan daddaki tayar da hannu ya ce ta yi.

Fitila in murfinta ya yi rawaya a goge ko a canza, a saita ta kar ta dinga kallon sama. Ka tsaya a baya ya taka birki ka ga danja duka biyu suna kamawa, haka sigina. Waifa a canza kafin ruwan Afrilu, kar a jira na Agusta. Gilashin gaba a wanke shi ta ciki ma, wannan dusashen na ciki shi ke ƙara watsa haske da dare. Birki da mansa a kai wa bakanike ya duba ko ba ya ƙara.

Babban gargaɗi, kuma nan ne namu ya faru: mutum ya shekara 40 yana jan manuwal, 'ya'ya suka yi kuɗi suka sayo masa otomatik suka miƙa makulli shikenan. Ƙafar hagu za ta tafi neman kulos ta danne birki a tsakiyar titi, ko a ruɗe ya taka totur yana zaton birki ne. Baba giyar ribas ya sa yana zaton gaba ce, motar ta ja baya, ya tsorata ya danna totur. Ku kai shi fili ku yi kwana biyu uku, ƙafar hagu a ajiye ta gefe kamar babu ita, dama kaɗai ke aiki, kuma kafin ya saki birki ya kalli harafin da ke allon gabansa, D ne ko R. In motar da ya saba da ita tana da lafiya ni shawarata a gyara masa ita a bar shi da abarsa.

5. Takardu

Wannan gajere ne. Lasisi tun watan Yunin 2025 Naira 15,000 ne na shekara 3, Naira 21,000 na shekara 5. A cike fom da lambar NIN, a biya, a bi ta ofishin haraji na jiha da VIO masu duba lafiyar mota su sa hannu, sannan FRSC su ɗauki hoto da yatsu. Dole shi da kansa ya je. Duk ɗan ajan da ya ce a kawo fasfo kawai Alhaji ya huta a gida, ku yi shakkar abun da zai kawo. Inshorar da doka ta wajabta Naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har Naira miliyan 3, ana duba ingancinta ta *565*11#.

6. Zaɓa masa lokaci da hanya

Tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa azahar shine lokacin dattijo, 'yan makaranta da ma'aikata sun wuce, rana ta ɗaga ba ta dukan ido. Lokutan da za a kauce wa: daga magariba zuwa sama, asubar hunturu da hazo, da ruwan nan na Yuli da Agusta da waifa ba ta iya masa. In ruwa ya kama shi a hanya ya samu gidan mai ya shiga ya jira, kar ya tsaya a bakin kwalta. A cikin hazo ƙaramar fitila ake sawa, ful tana dawo da hasken ne cikin ido.

Wurare: Terminus da Ahmadu Bello Way da rana tsaka, Farin Gada lokacin da motocin kayan gwari ke sauke kaya, kewayen babban masallaci ranar Juma'a, da gangaren Polo zuwa Gada Biyu inda tirela ke sauka. Ba cewa na yi kar ya bi su har abada ba, amma in akwai wata hanya ko da ta fi nisa a bi ta. Cikin gari iyakar gudu 50 ne, kuma tafiyar hawainiya ma tana da nata hatsarin, mai yin 20 a hannun masu sauri shi ake yi wa obatekin ta ko'ina, toh ya riƙe hannun dama.

Kwanar hagu, wadda sai ka yanke gaban masu zuwa, ita ce ta fi cin tsofaffi, domin lokaci ɗaya za ka auna gudun mai zuwa, ka duba keke, ka duba mai tsallaka. In babu danja ko ɗan sanda a wurin gara ya wuce zuwa shataletale na gaba ya zagayo. Man da zai ƙone bai kai kuɗin fenti ba. In kuma dole ne, ya tsaya taya a miƙe har hanya ta buɗe sosai, mai hon a baya ya yi ta yi.

Tazara: in motar gaba ta wuce wani falwaya ya ce "Subhanallahi wa bihamdihi" sau biyu a nitse, in ya iso falwayar kafin ya gama ya matse da yawa. Kamar sakan huɗu kenan, in ana ruwa a ƙara.

Tafiyar Abuja kuwa, ni dai ra'ayina wanda ya haura 70 a samo masa direba. In ya dage, a tashi da hantsi bayan hazo ya washe, wani ya zauna a gefensa, a huta duk awa biyu, Akwanga wuri ne mai kyau na miƙe ƙafa. A Hawan Kibo a sauka da ƙaramar giya, a otomatik 2 ko L, inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Kar a sa mota a firi don tsimin mai, kuma ido ɗaya na kan madubi saboda babbar motar da ke biyo baya.

7. Masu tafiya a ƙafa: shiri tun daga gida

Na lura iyayenmu mata sun fi shiga wannan. Fitar asuba da ta magariba zuwa isha su ne masu hatsari, ga duhu, ga wuta babu, ga sanyi ya sa kowa ya sa baƙar jaket ko hijabi mai duhu. Direba ba ya ganin baƙin kaya a kan baƙar kwalta sai ya zo dab. Farin kaya ko mai haske, in ba zai yiwu ba a sa farin mayafi ko farar hula a sama. Ku sayo tef ɗin nan mai ƙyalli da ake manna wa manyan motoci ku naɗa a jikin sanda wuri biyu, a masu kayan mota ake samu. Tocila a hannu tana kallon ƙasa, ba a haska idon direba. Gindin sanda a sa masa roba, ƙarfe ko busasshen ice yana sulɓi a jiƙaƙƙiyar kwalta. Hular sanyi da rawani in sun rufe kunne a ɗan ɗaga in an zo titi, hijabi ma a gyara shi kar ya tare gefen ido.

A aljihu ko jaka a sa 'yar takarda mai sunansa, lambar waya biyu ta 'ya'ya, da ciwon da yake da shi da maganin da yake sha.

Inda babu wurin masu ƙafa a bi hannun hagu, wato kana fuskantar motocin da ke zuwa, ka ga abun da zai same ka. Hattara da lambatun da ba murfi da kwalbatin da ya fashe, da dare sun karya mutane da yawa ba tare da mota ta taɓa su ba.

8. Tsallaka titi, daki-daki

Ga lissafin da nake yi wa kowa. Titi mai layi biyu kamar mita 7 ne, tsohuwa da sanda za ta ci sakan 10 kafin ta gama. A sakan 10 motar da ke gudun 50 ta ci mita 140, ya fi tsawon filin ƙwallon Rwang Pam. Mai gudun 80 ta ci mita 220. Toh motar da Mama ta hango ta ce "ai tana da nisa" in dai ba ta fi filin ƙwallo nisa ba, ba ta da nisa. Matsalar ita ce kai yana lissafi da ƙafar da yake da ita shekara 20 da suka wuce.

Na farko a zaɓi wuri: inda ake ganin nesa ta kowane gefe, ba kan kwana ba, ba bayan tudu ba, kuma Jos duk tudu ce. Inda akwai danja, ɗan sanda, ko tudun rage gudu ya fi, ko da sai an ƙara tafiya. Kar a fito ta tsakanin motocin da suka yi fakin ko ta gaban tirela da bas da ke tsaye, direban tirela ba ya ganin wanda ke dab da hancin motarsa.

Na biyu a tsaya cak a baki, a duba hagu, dama, a sake duba hagu. Ko titin mai raba hannu ne a duba duka biyu saboda masu keke da 'yan goyin da ke bin wanwe.

Na uku a ɗaga hannu ko sanda, a jira motar ta tsaya tukuna, a kalli fuskar direban. Zanen zebira a garin nan ba ya tsayar da kowa.

Gargaɗi mafi girma: mota ɗaya ta tsaya maka ba shine an gama ba. Na bayanta ko na gefenta bai san me ya tsayar da ita ba, zai zagayo da gudu. In an kai ƙarshen motar da ta tsaya a leƙa kafin a ƙara taku.

Na huɗu a miƙe sak, ba a karkace ba, da tafiyar da aka saba. Ba gudu, gudu ne ke kawo faɗuwa, kuma ba komawa baya daga tsakiya domin direba ya riga ya lissafa ta bayanka zai wuce. Titi mai dakali a tsakiya a ɗauke shi tsallaka biyu, a hau dakalin a huta a sake duba. Gaisuwa kuma a bari sai an haye, na sha ganin dattijo ya tsaya tsakiyar kwalta yana amsa "ina gajiya".

In akwai mutane masu tsallakawa a bi ayari, a tsaya ta gefen da ba motar ke fuskanta ba. Ɗan rakiya ya zama mai hankali, jika ɗan shekara 6 ba rakiya ba ne, kaya ne na biyu. In an je Abuja wajen 'ya'ya, titin Kubwa da na filin jirgi ba a tsallaka su ta ƙasa ko da wasa, gudun 100 ake yi, sakan 10 kusan mita 280 kenan. A hau gadar masu ƙafa a huta a kowane mataki, in gwiwa ba za ta iya ba a biya mota ta zagaya da su ɗaya hannun.

9. Hawa da sauka a keke

Sai ta tsaya cak, a hau kuma a sauka ta hannun dama, gefen da ba titi ba. A tattare zani da riga da mayafi a cinya kar su leƙa waje. A shirya kuɗi tun ana ciki, ba a tsaya a kan kwalta ana kwance bakin zani ba. Kar a yarda a zauna gaba gefen direba. In an sauka a jira keken ta tafi kafin a tsallaka.

10. In abun ya faru

A kira 122 na rod sefti ko 112. A tare hanya kar wata motar ta ƙara. In yana kukan wuya ko baya, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje wanda alamar karayar ƙugu ce, kar a cicciɓe shi a cusa a keke a naɗe, a samu katako ko ƙofa a kwantar da shi a miƙe, mutum ɗaya na riƙe da kai. Jini a danne da tsumma mai tsabta. Ba a ba shi ruwa ko abinci, ƙila a yi masa aiki. Asibiti tukuna a ɗauki hoto kafin maganar mai ɗori.

Wanda ya bugu a kai ko ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai a kai shi a duba, balle mai shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin. Jini yakan taru a hankali cikin kan tsoho, sai bayan kwanaki ko makonni a ga yawan barci, ciwon kai, ruɗewa ko jan ƙafa, 'yan gida su ce tsufa ne ko iska. A koma asibiti a faɗa musu ya taɓa buguwa.

11. Maganar makulli

Akwai alamun da ba a jira: ya ɓata a hanyar da ya shekara 30 yana bi, ya suma ko ya yi farfaɗiya, ya samu shanyewar ɓarin jiki ko da ƙarama ce, ya sake haɗa birki da totur bayan an koya masa, ko likitan ido ya ce ganin bai kai ba. In babu waɗannan a bi a hankali, a fara janye tuƙin dare, bayan wata biyu tafiyar wajen gari, sannan cikin kasuwa, a bar masa masallaci ko coci da gidajen 'yan uwa na kusa.

Kar a yi maganar gaban jikoki ko surukai, kar kuma 'ya'ya su taru a kansa kamar kotu. Mu kuskuren da muka yi kenan, muka haɗu mu biyar a falo, Baba ya saurare mu tas ya ce "lokacin da aka koma hannun dama a 1972 ina kan sitiyari, uwarku ma ba a kawo ta gidan nan ba", ya tashi ya shige ɗaki, sati biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ƙanena ya cire kan batir, kafin azahar Baba ya kira bakanike ya mayar. Ɓoye makulli sai ga wanda ciwon mantuwa ya kama, wanda magana ba ta zama a kansa.

Abun da ya yi aiki amininsa ne da suka yi aiki tare, shi ya riga ya ajiye tuƙi, ya zo suka sha shayi suka yi maganarsu ta tsofaffi, sannan likita ya faɗa masa da bakinsa. Kuma kafin a karɓa sai an tanadi madadin, in ba haka ba kun ɗaure shi ne a gida, zaman gida kuma yana karya tsoho. Mun samu mai keke ɗaya ɗan unguwa da muka sani muna biyansa duk wata, shi ke kai Mama asibiti da kasuwa, ɗan yayana mai lasisi kuma shi ke jan Baba Juma'a da ɗaurin aure da jana'iza. Motar tana nan da sunansa, makulli yana aljihunsa, shi ke miƙawa in za a fita shi ke karɓa in an dawo. Kullum da safe sai ya fito da hular sanyinsa ya buɗe bonet ya duba mai da ruwa ya tayar da ita ta yi ɗumi, in an hau hanya yana gidan gaba da bel ɗinsa, tun daga ƙofar gida har Bukuru yana faɗa wa yaron ya matse motar gaba da yawa.